Duwatsun Fanisau Da Haƙƙin Ja-gora

Mai karatu ya sani, a arewa maso gabas da birnin Kano, cikin ƙasar Ungogo, akwai wani tsohon gari da ake kira Fanisau. Duwatsu ne manya, wani bisa wani, gonakin gero da dawa da gyaɗa sun kewaye su, ba ko taki ɗaya da aka bari saura. Ba irin farin dutsen Kalambaina ta Sakkwato ba ne, wanda ake ƙonawa a yi siminti. Waɗannan masu tauri ne ƙwarai, ruwan shekaru bai ci su ba.

Wanda ya hau su shi kaɗai, dutse zai gani ya sauko. Amma wanda ya bi dattijon gari, ya yi masa ladabin almajiri ga malami, to, karatu ya je.

Farkon abin da ja-gora zai nuna masa shi ne tsirrai. Idan damina ta zauna, tafasa da rai-ɗore sukan fid da fure rawaya a gefen turba, duman rafi ya shimfiɗa nasa a fadama. Can cikin dawa kuma ga wani fure kyakkyawa, baƙo ya yi sha'awarsa, alhali ƙuduji ne, wanda ke tsotse saiwar hatsi tun yana ƙarƙashin ƙasa. Ga gawo ya kaɗe ganye da damina, sai da rani ya yi kore, saboda haka manomi ba ya sare shi. Kowanne da sunansa, da amfaninsa ko sharrinsa.

Na biyu shi ne tarihi. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Fanisau tun zamanin Barbushe na Dala, kafin zuwan Bagauda. Bayan jihadi, Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, ya mai da garin ribaɗi, domin tsare birni daga Ɗan Tunku, wanda zuriyarsa ke sarautar Kazaure. A nan ne Baturen Birtaniya Kilafatan ya iske shi cikin sansani a shekarar 1824. Gandayen sarauta sun yawaita a kewaye, bayi ne suka nome su, kuma wajibi ne a tuna da wahalarsu. Hawan Fanisau da aka sani cikin bukin Salla, asalinsa wannan dangantaka ce ta garin da fada.

To, abin tsoro shi ne, gine-ginen birni sun tunkaro gonakin Ungogo, kuma dattawan da suka san sunan kowane dutse da kowace ciyawa suna ta ƙarewa. Gona idan ta zama fuloti, ba ta komawa. Sani idan ya shiga kabari, ba ya fitowa.

Fataken da ba su tashi sai da madugu da jagaba, domin matambayi ba ya ɓata. Ya kamata malamai su riƙa kai almajiransu ran Alhamis, su nemi izinin mai gari, su bi turba kada a taka shuka. Attajirai kuma su sallami ja-gora da abin kirki, su ɗauki nauyin wanda zai rubuta abin da ya faɗa, ko da ajami ko da boko, tun bakin da zai faɗa yana nan.

Allah ya sa a gane. Tamat.