Saɓanin Kwafi Biyu da Hanyar Sasanta Su

Tun zamanin da malamai ke kwafar littattafai da hannu, sanannen abu ne cewa kwafi biyu da suka fito daga asali guda kan saɓa wa juna. Wannan tsohuwar matsala ce manhajar kwamfuta mai suna Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, take warwarewa.

Alal misali, akawu a Birnin Kudu da takwaransa a Gwaram su ɗauki kwafin takardar rabon taki guda, kowa ya yi gyaransa. In gyare-gyaren sun faɗa a layukan da ke nesa da juna, Git kan gwada su da asali, ta haɗe su da kanta. Amma in sun taɓa layi guda, watau wannan ya rubuta buhu 50, wancan 60, sai ta dakata, ta jera lissafin biyu tsakanin alamomi, ta ƙi zaɓa.

A nan hukunci ya koma hannun mutum. Wajibi ne ya duba asali, ya tuntuɓi abokin aikinsa, ya tabbatar da adadin gaskiya, sa'an nan ya share alamomin. Wanda ya zaɓi nasa don kawai nasa ne, buhu 10 na iya salwanta, manoma kuwa su ne za su ji a jikinsu.