NAMIJI KO MACE: ABIN DA ƘUMBAR RUWA TA KOYA WA MASANA

Daga Wakilinmu na Arewa, Kafanchan

Kashegarin bikin Afan, wanda mutanen Kagoro kan yi ran 1 ga watan Janairu kowace shekara, na shiga mota zan komo Kafanchan. Kusa da ni akwai wata mata da 'ya'yanta huɗu, duka mata, autar tana goye, ga kuma ƙullin kaya a kan cinyarta. Da muka gaisa na ce, "Baiwar Allah, ina zuwa da kaya haka?" Sai ta ce gidan iyayenta za ta. Mijinta yana aiki a Ikko, ya zo gida domin biki, ya tarar abin da ta haifa a bayansa mace ce, shi ne ya ce ta tafi gida sai ya neme ta. Uwar mijin kuwa cewa ta yi ai cikinta ba ya ɗaukar namiji.

Wannan magana ba a Kagoro kaɗai ake jin ta ba. Ana jin ta a Sabon Badun da Agege da Shagamu, watakila ma wani mai karanta wannan shafi ya taɓa furta ta. To, shin gaskiya ce? Akwai halittar da a wurinta maganar tsohuwar nan gaskiya ce, amma ba ɗan Adam ba ne. Ƙumbar ruwa ce.

Wanda ya tashi a bakin kogi ya san ƙumba, wadda wasu ke kira makankari, watau 'yar dabbar nan mai ɓawo biyu da ke buɗewa su rufe kamar bakin jaka. Tana da 'yan'uwa da yawa a teku. Mazauna Ikko da Fatakwal sun ga kawa manne a saiwar itatuwan bakin ruwa, waɗanda ke Kalaba kuma sun san irin wadda ake haƙowa a kogin Kuros wajen Itu ana kaiwa kasuwa. Wadda masana suka fi bincike a kanta ita ce baƙar ƙumbar teku ta ƙasashen sanyi, mai suna Mitilus. Ba ta barbara kamar dabbobin gida. In lokaci ya yi, macen ta saki ƙwai miliyoyi a cikin ruwa, namijin ya saki maniyyi, su haɗu a can.

Kafin mu je ga abin mamakin, bari mu duba namu jikin. An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Cikin kowace ƙwaya akwai wasu zarurruka masu ɗauke da gadon kamanni, Turawa na kiransu kuromosom. A 1956 aka tabbatar a Suwidin cewa guda 46 ne, rabi daga uwa, rabi daga uba. Biyu daga cikinsu su ke raba mace da namiji. Mace tana da X biyu, namiji kuwa yana da X ɗaya da Y ɗaya. Saboda haka kowane ƙwan mace X yake ɗauke da shi, ba ta da wani abin bayarwa sai shi. Maniyyin namiji shi ne ya rabu biyu, rabi mai X, rabi mai Y. In mai X ya riga isa, mace za a haifa. In mai Y ne, namiji. Wata masaniya 'yar Amurka, Nettie Stevens, ita ta fara gano wannan tsari a jikin wani ƙwaro tun 1905, a 1990 kuma masana a Landan suka gano ainihin wurin da ke kan Y mai mai da ɗan tayi namiji.

Da masana suka duba ƙumba da kawa, ba su ga waɗannan zarurruka biyu masu bambancin kama ba. Sai suka koma ga gwaji. A 1997 Carlos Saavedra da Eleftherios Zouros da abokiyar aikinsu suka ba da labarin abin da suka gani bayan sun haɗa ƙwan mace guda da maniyyin maza dabam dabam. Wata macen kusan duk 'ya'yanta mata ne, wata kusan duk maza, wata kuma rabi da rabi. Ko an sake mata namiji, abin bai sake ba. A 2002 Ellen Kenchington da abokan aikinta a Kanada suka sake gwajin da wani irin Mitilus, suka sami daidai da haka. Watau a wurin ƙumba, gadon da ke jikin uwa shi ke yanke hukunci, uba ba shi da ta cewa.

Har ila yau akwai wani abin. Cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu 'yan murahu da ke mai da abinci ya zama ƙarfi, sunansu mitokondiriya, suna kuma da nasu ɗan gadon na dabam. Mutum daga uwarsa kaɗai yake gadonsu, na uba kan lalace bayan ciki ya shiga. Haka yake ga akuya da kaza da kusan dukan dabbobi. Amma tsakanin 1990 da 1994 David Skibinski a Biritaniya da Zouros a Kanada suka nuna cewa ƙumba ta saɓa wa wannan. Tana da iri biyu, na mata da na maza. Uwa tana ba dukan 'ya'yanta nata, uba kuwa 'ya'yansa maza kaɗai ke riƙe nasa, su ajiye shi a wurin da ake yin maniyyi, su miƙa wa nasu 'ya'yan maza. An sami irin wannan gado a cikin ire-iren ƙumba fiye da 100, har da wasu na ruwan daɗi a Amurka da Turai.

Ita kawa nata ya fi ban mamaki. A wasu ire-irenta da yawa kan fara rayuwa suna maza, in sun girma su koma mata. Irin ta Turai kuwa takan yi ta juyawa, yau namiji, wani lokacin mace. Ko a gida muna da misali. A wurin kaza, macen ce ke da zarurruka biyu masu bambanci, saboda haka ita ke sa ɗan tsako ya zama zakara ko kaza. Kada kuma zafin ramin da aka binne ƙwansa shi ke raba maza da mata. Kowace halitta da tsarin da Allah ya yi mata.

To, mu komo ga matar nan ta cikin mota. Hukuncin da mijinta ya yanke mata hukuncin ƙumba ne, ita kuwa mutum ce. In har sai an nemi inda mace ko namiji ke fitowa, daga wajen miji ne. Amma shi ma ba laifinsa ba ne, don babu namijin da ke iya zaɓen wanda zai riga isa cikin miliyoyin nan. Kowane ciki kamar a jefa kwabo sama ne, na baya ba ya shafar na gaba. A duniya ana haihuwar maza wajen 105 a kan kowace mata 100. Bisa lissafi kuma, cikin gidaje 16 masu 'ya'ya huɗu, za a sami kamar gida ɗaya da duka mata ne, da wani gida ɗaya da duka maza ne, ba tare da wata cuta ko sammu ba.

Wani zai ce ai ya san wanda ya saki mai haihuwar mata, ya auri wata, ta haifa masa namiji. Gaskiya ne, ana yi. Amma da ya zauna da ta farin, damarsa ta samun namiji a ciki na gaba ita ce dai wadda ya samu wurin amaryar, watau rabi da rabi. Abin da ya ƙaru kawai shi ne 'ya'ya sun tashi ba uwa a gida, ga kuɗin aure da ya kashe.

Da muka iso tashar Kafanchan, babbar 'yar ce ta sauke kayan, ta riƙe hannun ƙannenta biyu suka tsallake titi. Ban san sunan mijin ba, amma in wannan shafi ya kai gare shi, ko ga wani maƙwabcinsa a Ikko, ina roƙon a karanta masa. Ya aika a mayar da iyalinsa ɗakinta tun kafin a koma makaranta.