Keken lantarki don jigilar ƙwai da abincin kaji: batir 36V ko 48V?

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin kabu-kabu ke cinye ribar ƙaramin mai kiwo. A Bagudo abin ya fi zafi, don tun a 2019 aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen Tsamiya da Lolo sun san wannan labarin. Shi ya sa wasu suka fara tunanin ɗaura wa kekensu injin lantarki. To amma batir fa, wanne za a saya?

Ka fara da lissafin kaya. Buhun abincin kaji kilo 25 ne. Jarkar ruwa mai lita 25 da ka zuba 'ya'yan tarwaɗa, ita ma kilo 25 ce. Ga nauyinka, ga yashin hanyar ƙauye.

Injin mai wat 500 idan ka haɗa shi da 36V, zai ja kusan amfiya 14. A 48V kuwa kusan 10 kawai zai ja don yin wannan aikin. Yawan amfiya shi ke kawo zafi a waya da kwantirola, kuma duk wanda ya san zafin Maris da Afrilu a Kebbi ya san ba a neman ƙari. Don haka ni dai, ga mai ɗaukar kaya, 48V nake ba da shawara. 36V ya ishi wanda zirga-zirgarsa cikin gari ce da kiret biyu ko uku.

Masu cewa a tafi 60V ko 72V, gudu suke nema. Kai da ka ɗauko kiret biyar, ƙwai 150, ina ruwanka da gudu? Rami ɗaya ya isa. Birkin keke ma ba don wannan gudun aka yi shi ba.

Nisan tafiya kuwa ba a lambar V kaɗai yake ba. Ninka V da Ah: 48V mai 15Ah ya ba ka 720, 36V mai 15Ah ya ba ka 540. Wannan adadin shi ne girman tankinka. Auna nisan gonarka zuwa kasuwa, zuwa da dawowa, ka bar rara, don yashi da kaya suna shan caji sosai.

Batirin gubar nan na 12V, huɗu za ka jera su ba ka 48V. Ya fi araha, amma nauyinsa ya ninka na litiyum, kuma yana saurin mutuwa in ana ƙarar da shi kullum. Na litiyum kuma kada ka karɓa sai da allon kariya na BMS a ciki.

Inda aka fi yin asara shi ne caja. Litiyum 36V yana cika a 42V, na 48V mai jeri 13 yana cika a 54.6V. Ka sa wa ƙaramin cajar babban, gobara kake nema. Kwantirola ma dole lambarta ta dace da ta batir. In a Malanbil ko Segbana ka ga kayan da araha, duba rubutun jikin kowanne kafin ka ƙirga sefa. Kuma caji a inuwa ake yi, nesa da ɗakin kaji mai cike da ɓuntun shinkafa.