Gargaɗi ga Masu Fama da Ciwon da Ya Ƙi Ci Ya Ƙi Cinyewa

Jama'ar Kafanchan, Kagoro, Zonkwa, Kwoi, Kachia da ƙauyukan kewaye, a saurara. Duk wanda yake da mai sikila a gida, ko tsohon da gwiwa ta hana shi miƙewa, ko manomin citta da baya ya riƙe, ko mai ciwon daji, ya duba maganin da ake sayo masa a kemis ko a kan faranti ranar kasuwa. Wasu magungunan sun fi ciwon haɗari.

A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, tun daga nan kuma aka ƙara tsaurara sayar da magungunan kashe zafi masu ƙarfi. NAFDAC ta amince da tramol mai miligiram 50 da 100 ne, shi ma sai da takardar likita. Dokar tana da hujja, domin wani bincike da aka yi ya nuna 'yan Najeriya kusan miliyan 4.6 suna shan irin waɗannan ƙwayoyi ba bisa ƙa'ida ba. Sai dai ta shafi wanda bai ji ba bai gani ba. Mara lafiya na gaskiya ya je neman magani, a ce babu, ko a yi masa kallon ɗan ƙwaya, sai ya juya wajen mai sayarwa a ɓoye.

Nan ne ramin yake. Tramol mai lamba 225 haramtacce ne, yawansa yana jawo jijjiga kamar farfaɗiya. A Fabrairun 2025 binciken BBC ya bankaɗo ƙwayoyi irin su Tafrodol da Super Royal-225 da ake kawowa Afirka ta Yamma daga Indiya, haɗi ne da ke iya danne numfashi har mutum ya mutu. Shi kuwa haɗin da mai kemis ke ƙullawa a leda, galibi da diclofenac da ibuprofen a ciki, shan sa kullum yana huda ciki, yana lalata ƙoda.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne allurar pentazocine ga yaranmu masu sikila. Ana farawa a asibiti lokacin da ciwo ya tashi, yaro ya ji sauƙi. Daga baya a koma yi masa a gida don gudun kuɗin mota da layi, sai ya koyi yi wa kansa. Kafin iyaye su farga, cinya ta sandare, gyambo ya ɓulla inda ake sokawa, jiki kuma ya saba har ba ya iya kwana ba tare da ita ba. Iyaye, tausayi ne ya sa kuka fara, na sani. Amma kada sirinji ya kwana a ɗakin yaro.

Doka ba ta hana likita rubuta wa mara lafiya magani mai ƙarfi ba, har da morphine ga mai ciwon daji. A je asibitin gwamnati da ke Kafanchan ko babban asibiti mafi kusa, a buɗe kati, a riƙe likita ɗaya. A tafi da kwalayen duk abin da ake sha, a faɗa masa gaskiya, har yawan da ake sha a rana. In ciwon ya fi ƙarfinsu, a nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa na Jos, ko Barau Dikko a Kaduna, ko Shika a Zariya. A tambaya kuma ko gashin ƙashi zai taimaka, ba kowane ciwon baya ne ke buƙatar ƙwaya ba.

Wanda jikinsa ya riga ya saba, kada ya daina farat ɗaya. Likita ne zai rage masa sannu a hankali, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Wanda ya sha magani barci ya yi masa nauyi, numfashinsa ya ja baya, a garzaya da shi asibiti nan take.

Likitoci da ma'aikatan jinya, don Allah ku saurari mai kukan ciwo kafin ku zarge shi. Fastoci da limamai, ku isar da wannan saƙo ranar Juma'a da Lahadin nan.