Tsoffin Sorayen Birni: Gadon Ƙasa da Azara

Mu mutanen Dungu, in an ce tsohon gini, unguwar Birni ta Damagaram ke fara zo mana a rai. Can ne fadar Sultan take, kewaye da sorayen attajirai da malamai. Unguwar ta bunƙasa tun zamanin Sarki Tanimun a ƙarni na 19, kuma Damagaram, wato Zinder, ce babban birnin Nijar har 1926, kafin a koma Yamai.

Abin da ya fi burge ni shi ne rufin. Magina kan tsaga itacen giginya su fitar da azara, wadda gara ba ta cika cinta ba. Da yake azara ba ta da tsawon da za ta haye babban ɗaki, sai su jera ta hawa-hawa, su ɗaure ta cikin ƙasa ta zama baka. Bango kuwa tubali ne, a shafe shi da makuba ta ɓawon ɗorawa don kada ruwa ya ci shi. A saman gini ga zanko, a goshin zaure ga zane.

Gidan ƙasa yaɓe yake so kafin kowace damina. Indararo ɗaya in ya toshe, ruwa ya kwanta, rufi ya rufta.

Agadas ta shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013. Birni kuwa tun 2006 yake jerin jira. Mai tsohon soro, kada ka rushe shi don siminti. Nemi magini, ka yaɓe shi bana.