Icce da Rana

Dakwaro tana arewacin jihar Maraɗi. Mutanenta manoma ne da makiyaya. Suna noman hatsi da wake, suna kiwon shanu, awaki, tumaki da raƙuma. Kowace rana ana hura wuta a kowane gida, don a dafa tuwo ko a dama kunu. Wutar nan icce take ci.

A da, icce yana kusa da gari. Amma mutane sun ƙaru, gonaki sun yi faɗi. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa masu yawa. Yanzu mata da yara suna tafiya mai nisa kafin su haɗa dami guda. In icce ya yi wuya, sai a ƙona kara da kashin shanu. Nan ne gona take cutuwa. Kara shi ne rigar gona: yana tare iska, yana riƙe ƙasa. Kashin shanu kuwa taki ne. Gonar da aka kwashe wa su biyun, iska ce take share ta, amfaninta ya ragu.

Dabara ta farko ita ce tattalin icce. Murhun duwatsu uku a buɗe yake ta kowane gefe. Iska tana kwashe zafin, kaɗan ne yake isa gindin tukunya. Murhun zamani yana kewaye tukunya, yana tsare zafi a ciki. Akwai na laka, wanda mace take iya ginawa da hannunta. Akwai na ƙarfe, wanda ake kira Mai Sauƙi, aikin maƙeran Nijar. Mai girki kuma tana rage ɓarna in ta rufe tukunya, ta jiƙa wake kafin dahuwa, ta kashe bakin wuta da an gama.

Dabara ta biyu ita ce renon itatuwa. Tun 1983 manoman Maraɗi suka soma sassaben zamani. Manomi ba ya sare dukan tohon kututture. Yana barin ƴan rassa masu ƙarfi su girma. Bayan ƴan shekaru, yana samun icce a cikin gonarsa.

Dabara ta ukku ita ce rana. Icce yana ƙarewa, kalanzir sai da kuɗi, amma rana kullum tana fitowa. Wani masani ɗan Tasawa, Abdu Mumuni, ya daɗe yana binciken amfanin zafinta. Ya rasu a 1991, kuma jami'ar Yamai tana ɗauke da sunansa. A 2018 aka buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana a Malbaza.

Yau ana ganin farantin sola a kan rufin ɗakuna. Farantin yana maida haske lantarki, batir ya ajiye shi har dare. Da shi ake kunna fitila, a jawo ruwa daga rijiya mai zurfi, a sanyaya allurar rigakafi a gidan likita. Sai dai ƙura tana rage ƙarfinsa. Goge shi aiki ne da ko yaro yana iyawa.

Tambayoyi
1. Me yake samun gona in an ƙona kara?
2. Don me murhun zamani ba ya cin icce da yawa?
3. Wane aiki sola yake yi a garinku?