Jijiyoyin da Ke Tsirowa a Bayan Ido: Bayani ga Masu Ciwon Sukari da Masu Sikila

A can bayan ƙwayar ido akwai wani tantani mai laushi da likitoci ke kira ratina. A kansa hoton duk abin da muke kallo yake sauka. Kaurinsa bai kai rabin milimita ba, amma yana cikin sassan jiki mafiya buƙatar iskar oksijin, don haka ƙananan jijiyoyin jini, waɗanda silin gashi ya fi su kauri, ke ciyar da shi dare da rana.

Jiki ba ya barin jijiyoyi su tsiro barkatai. Yana da sinadarin da ke ba su umarnin tsirowa, sunansa VEGF, yana kuma da masu taka musu burki. Muddin ido na da lafiya, masu burkin ne da rinjaye. Shi ya sa fatar nan mai kama da gilashi da ke gaban ido ba ta da jijiyar jini ko ɗaya.

Ciwon sukari da ya daɗe yakan lalata ƙananan jijiyoyin ratina, wasu su riƙa yoyo, wasu su toshe. A sikila kuwa, ƙwayoyin jinin da suka lanƙwashe ne ke toshe su. Abin lura a nan shi ne, nau'in SC, wanda ba baƙo ba ne a Jamhuriyar Benin, ya fi SS taɓa ido, ko da yake masu shi ba su cika kwanciya ciwo ba. Da zarar wani yanki na ratina ya rasa iska sai ya yi ta fitar da VEGF, tamkar mai kururuwar neman agaji. Jiki ya amsa, sababbin jijiyoyi su tsiro. Sai dai gyaran gangar auzinawa ne. Jijiyoyin ba su da ƙwari, sukan fashe jini ya cika ido, mutum ya ga kamar hayaƙi ko yanar gizo-gizo na yawo a gabansa. Tabon da suka bari yakan janye ratina daga mazauninta. Wani lokaci su toshe magudanar ruwan ido, hawan jinin ido ya biyo baya. Kafin a kai nan, shekaru kan wuce ba zafi, ba ja, ba ƙaiƙayi.

Tun 1948 likita Isaac Michaelson ya yi hasashen akwai irin wannan sinadari, amma sai a 1989 Napoleone Ferrara da abokan aikinsa a Amurka suka ware shi suka ba shi suna. Daga nan aka samu alluran da ke kama VEGF, irin su Lucentis da aka amince da shi a 2006, da Avastin mai rangwamen kuɗi. A cikin ido ake yin allurar, bayan an kashe zafin wurin. Ƙarfinta na makonni ne, dole a maimaita, kuma nan ne fatake da direbobin hanyar Kwatano zuwa Malanville da Gaya, ko ta Seme zuwa Legas, suke samun cikas. Wanda ya san zai yi wata uku a kan hanya, ya faɗa wa likita tun farko. Ƙona sassan da suka rasa iska da hasken lesa ya fi daɗewa yana aiki, wataƙila shi ya fi dacewa da shi.

Maganin ɗigawa na kasuwar Dantokpa, da kwalli, da sabon tabarau, babu wanda ke isa bayan ido. Mai ciwon sukari ko sikila ya je a ɗiga masa maganin buɗe ɗan ido a duba ratina aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da yana gani garau. Mace mai ciwon sukari da ta samu juna biyu kada ta jira shekara. Daga Akpakpa ko Zongo, akwai sashen ido a asibitin koyarwa na CNHU Hubert Maga; a Najeriya akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Ranar gwajin gani kan dushe na 'yan sa'o'i, don haka kada a tuƙa mota ko babur.

Ku riƙa tafiya da takardunku in za ku ƙetare iyaka, domin ma'aunin sukari ya bambanta. Abin da aka rubuta 1,26 g/L a Kwatano shi ne 126 mg/dL ko 7 mmol/L a Kano.